Jirgi na Huɗu a Kan Rairayi

Rannan jikata ta miƙo mini waya, wai in ga yadda ake gyaran hoto yanzu. Wani tsohon kwalekwale ta ɗauka a bakin dam, ya fito da duhu. Ta ja yatsa nan, ya yi haske. Ta ja can, baƙin ya ƙara baƙi, farin ya ƙara fari. Ta ce, "Kaka, kin ga abin da kuka ƙare ƙuruciyarku a kai, ga shi nan kafin ki haɗiye yawu." Na ce da ja'irar ta ajiye wayar ta ɗauko biro. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma abin da ke cikin kaina ya isa a rubuta shi, ku da kuke ganin aikin wasa ne ku karanta.

A Talata Mafara mai gidana aka sani da mai hoto. Malam kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Shi ke zaune a zaure da kyamara, shi ke hawa babur ya tafi biki Bakura ko suna a Ruwan Gizo. Amma duk katin da ya fita daga gidanmu, ta hannuna ya bi. Mutane da yawa sun rataye aikina a bangon ɗakinsu har suka mutu ba su san mace ce ta wanke ba.

Ba da niyya na shiga ba. Malam ya koyi sana'ar wurin wani Bayarabe a Gusau, ya dawo ya toshe tagar wani ɗan ɗaki a cikin gida ya mai da shi ɗakin duhu. Da farko aikina ɗauraya ne kawai, in canza wa katuna ruwa sau bakwai, in shanya su a igiya kamar kayan jariri. Sai ruwan maganin ya ƙi jinin Malam. Hannuwansa suka yi ƙuraje, suka tsage, har alwala da ƙyar yake yi. Wata safiya ya tsaya a bayana da hannuwa naɗe cikin tsumma, ya ce, "To, yau hannunki zan ara." Ya yi wata biyu yana tsaye a bayana yana cewa saka, ɗaga, ya isa, kin ƙona. Na ƙona kati, ba kaɗan ba. Ranar da na fitar da hoton wani ango ya duba bai ce komai ba, ranar na san na iya, don Malam ba ya yabo, shirunsa ne yabon.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai inlaja, wato injin da ke jefa hoton da ke jikin fim a kan kati, ya ƙara masa girma. Ba mu da lantarki a lokacin, da batirin babbar mota muke kunna shi. Akwai faranti uku, na ruwan da ke tayar da hoto, na ruwan zalla, da na ruwan gishiri da ke tsayar da shi kada ya gudu. Jar fitilata kuwa, wadda haskenta ba ya ƙona kati, tocila ce da na naɗe da jan ɗankwali ninki huɗu. Kati iri biyu ne, mai laushi da mai ƙarfi. Mai laushi yana kawo toka-toka, ya dace da fuskar amarya. Mai ƙarfi yana raba baƙi da fari kamar wuƙa. Tunda ban iya karanta abin da ke jikin kwalin ba, sai na ɗaura wa mai ƙarfi baƙin zare, ko a duhu in na shafa na san wanne na riƙe.

Agogo ma ban iya ba. Da carbi nake auna haske. In na kunna inlaja sai in fara ja, kowace ƙwaya Subhanallahi ɗaya, ba sauri ba jan baki. Fuskar mutum a inuwa ƙwaya goma sha biyu. Farar riga a rana, ashirin da biyar. In batir ya fara sanyi, hasken ya yi ja, sai in ƙara uku ko huɗu, kuma ido ne ke gaya mini, ba wani ba. A bazara ruwan magani yakan yi ɗumi har fatar fim ta saɓule kamar fatar dafaffen tumatir. Saboda haka kwalabena a cikin jiƙaƙƙen yashi suke kwana, gindin randa, kuma ina idar da sallar asuba nake shiga aiki, kafin rufin kwano ya fara gasa ni.

Sai fensir. Wannan shi ne abin alfaharina. Nakan feƙe shi da reza har ya yi tsini kamar allura, in shafa wa fim wani ɗan mai don fensirin ya kama, in sa shi a gilashi in fuskanci ƙofa. Duk tamoji, duk ƙurji, duk tabon agana, sai in bi shi ɗigo-ɗigo har ya ɓace. Tsohuwa ta zo da fuska kamar busasshiyar kuɓewa, ta karɓi hotonta tana murmushi. Doka ɗaya Malam ya kafa mini: zanen gado da ke fuskar mutum ba a taɓa shi. Ya ce in kika goge wa Bazamfare zanensa, kin ba danginsa hoton baƙo.

Da aka fara aikin dam muka ga kasuwa. Kowane lebura sai da ƙaramin hoto kafin a ba shi katin shiga aiki. Direbobi na zuwa da hular kwano su ɗauka su aika gida. Wani ɗan Dosara ya ari tabarau da rediyo ya zauna a kujera ya harɗe, ya ce a sa hoton ya yi kama da na injiniya. Mutanen Maradun da aka ce za a tayar, wasu suka kira Malam ya ɗauki ƙofar gidansu da itacen da ke tsakar gida kafin ruwa ya zo. Rana ɗaya sai in wanke katin da igiya uku ba ta ɗauka. Farcena ya rine ya koma ruwan goro, mata a wurin biki suna tambaya wane irin lalle nake sa wa da ba ya fita.

Sai shekarar wahala ta zo. Mutanen ƙasa da dam, wajen Bakura, da ambaliyar gulbi suke rayuwa. Ruwa ya cika fadama ya janye, su shuka shinkafa, su kama kifi a tafkunan da ya bari. Da aka tare ruwan, ambaliya ta daina zuwa yadda aka saba. Fadama ta bushe, kifi ya ƙare, ga rigingimun gonaki da ba zan shiga cikinsu ba. Wanda bai ci ba ba ya zuwa ɗaukar hoto. Kaya ma suka yi wuya. Malam ya je Gusau sau biyu ya dawo babu fim babu kati. Ruwan maganin da nake zubarwa bayan kwana uku, sai na koma tace shi da tsumma ina mayarwa kwalba.

Cikin wannan hali wani dattijo ya yi sallama a zaure. Sarkin Jirgi ne na wani mashigi kusa da Bakura, shi ke fito da mutane da jakunansu tun ubansa na da rai. Ya ce yanzu yaro ma da ƙafa yake ƙetare gulbin, jirage shida na nan kwance a kan rairayi suna tsagewa, yana so a ɗauke su. Malam ya ce, "To Baba, sai ka tsaya kusa da naka." Ina jinsu ta bayan bango. Dattijon ya ce, "A'a. Ni ba a ɗauka ta. Malaminmu ya ce hoton mai rai babu kyau, ban kuwa tsallake maganatai yanzu da hurhura. Jirgi ba shi da rai, shi za ka ɗauka."

Malam ya tafi da hoto ɗaya tak da ya rage a fim. Tayar babur ta yi faci a hanya, bai isa ba sai da rana ta take tsaka, lokacin da duk mai hoto ya san ba a ɗauka. Ya ce dattijon a bayansa ya tsaya, yana janye jiki kada ko inuwarsa ta shiga. Da na wanke, ga abin da na gani: rairayi fari fat kamar an shimfiɗa likkafani, sama ma fari, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, jiragen kuwa baƙaƙen dunƙule shida kamar gawayi. Na jefa fim ɗin a gwangwanin ajiya. Dattijon bai dawo karɓa ba. Daga baya muka ji ya rasu.

Bayan wata biyar, ranar Talata, ana tsakar cin kasuwa, wata tsohuwa doguwa ta shigo har cikin gida da sanda. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ina gajiya, ina gida, ina mutanen Bakura, ya muka ji da rana, ya ƙarin haƙuri, don na ga alamar ba ta daɗe da fita takaba ba. Sai da ta sha ruwa ta huta ta ce ita ce Kulu, matar Sarkin Jirgi.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce ke ka wanke hoto, ba mijinki ba."

Na ce, "Inna, wa ya faɗi?"

"Hannunki ya faɗi. Wanga ba lalle ba na."

Ta ce ɗanta ya koma Yawuri da sauran masunta, ya aiko mota za ta ɗauke ta Talata mai zuwa, daga nan tashar Mafara, kuma ba ta sa ran sake ganin Bakura. Ta ce jiragen nan shida babu ko ɗaya yanzu. Wani an yi ƙyaure da shi, wani komin tumaki, na mijinta kuwa yara sun faskare tana cikin takaba, da shi aka dafa abincin sadaka.

"Shekara arba'in da wani abu muna tare, ba ni da hotonai, bai yarda ba. Jirgin nan shi ɗai ya rage. Shi nike so in tahi da shi."

Na ɗauko katin da na taɓa wankewa na ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta juya shi.

"Wanga duwatsu na ko shanu?"

Na ce jirage ne. Ta ce nasu shi ne na huɗu in an ƙirgo daga gindin giginya, haka suke jere kullum. Na ce ta ba ni zuwa Asabar. Ta ce tana nan gidan ƙanwarta a bayan kasuwa.

Da asuba na sa fim ɗin a gilashi na duba da madubin ƙara girma. Ku da ba ku taɓa riƙe fim ba, komai a juye yake, abin da zai fito baƙi shi ne fari a jikinsa. Wurin jiragen kamar babu komai, gilashi zalla. Amma da na karkata shi ga hasken ƙofa sai na ga wani ɗan hazo-hazo, kamar numfashi a jikin madubi. Itacen jirgin na nan, bai mutu ba, haske ne bai ishe shi ba. Matsalar ita ce jirgi na son ƙwaya biyar, rairayi na son arba'in. In ka ba jirgi nasa, rairayi ba ya fitowa. In ka ba rairayi nasa, jirgi ya ƙone. Kuma katin da zai iya ɗago wannan hazon sai mai baƙin zare, shi kuwa huɗu suka rage mini a duniya.

Na yanka ɗaya siri-siri don gwaji. Na ɗaga kan inlaja sama har jirgi na huɗu ya cika tsakiya, sauran suka koma gefe. Na yanko kwali daidai siffar jirgin, na soke shi a tsinken tayar keke. Dabarar ita ce, ka kunna haske ka bar jirgi ya sha ƙwaya biyar, sannan ka sa kwalin ka yi masa inuwa, sauran wurin na ci gaba da sha. Hannu ba ya tsayawa, sai yana rawa kaɗan-kaɗan kamar mai tankaɗe, in ya tsaya za a ga farin zobe kewaye da jirgin. Carbi a hagu, tsinke a dama. A gwaji na uku itacen ya fito. Har jijiyar maɗacin da aka sassaƙa jirgin da shi na gani.

Amma ya fito da tarkace. Layuka baƙaƙe sun ratsa cikin jirgin, wasu a miƙe, wasu a karkace, da ƙananan gicciye a kansu kamar ƙafar kaza. Idona ya saba da fuska. Na ce wannan tsohuwa za ta kai hoton nan garin mutane ta nuna, in bar mata shi kamar fuskar mai agana? Na shafa mai, na feƙe fensir. Yini guda na yi a kansa, ban ko dafa abincin rana ba. Da na buga kati na biyu, jirgi ya fito sumul, yana sheƙi kamar yau aka sassaƙa shi. Na kai wa Malam ya duba ya yi shiru. Na ce ai shi ke nan.

Ranar Asabar Inna Kulu ta zo. Na miƙa mata ina jiran albarka. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye shi a tabarma a hankali, ta tura mini da yatsa.

"Jirgin ya yi kyau. Na wa na?"

Na ce, "Inna, naku ne mana. Na huɗu daga giginya."

"A'a. Namu tsoho na. Wanga ko ruwa bai taɓa gani ba. Ina ɗinkin goshi? Ina na ciki, inda kututture ya huda shi shekarar da muka kai amaryar Hakimi? Ina wanda ya yi da ƙarhen guga, ranar da na haihi Mamman, ana nemanai shina can shina bugun ƙusa?"

Na ce na ɗauka tsagewa ce da datti, na gyara.

Ta dube ni, ba faɗa, ta nuna kuncinta. "In an kawo miki hotona, wanga zane goge shi kike yi?"

Na ce ba a taɓa shi.

"To mi jirgin ya yi miki?"

Ashe layukan nan ɗinki ne. In jirgi ya tsage, sai a cusa tsumma da kwalta, a kawo ƙarfe a lanƙwasa a ɗinke bakin tsagar da shi. Kowane mai jirgi da irin ɗinkinsa, shi Sarkin Jirgi gicciye yake yi. Ni 'yar cikin gari ce, sau biyu na taɓa hawa jirgi, kuma idona a rufe. Na goge aikin hannun mutum na shekara arba'in cikin yini ɗaya, har ina jiran a gode mini.

Ta tashi ta ɗauki sandarta. Ta ce, "Bari, ɗiyata, kin wahala. Allah bai nuhe ni da shi ba."

Na ce ta ba ni zuwa Talata da safe. Ta ce motar hantsi za ta tashi.

Fensir yana fita daga fim, amma da haɗari. Man da aka shafa shi za a narkar, kuma hazon da nake nema a ƙarƙashinsa yake, bai kai kaurin fatar albasa ba. In auduga ta ɗauko ƙwayar yashi ɗaya ta ja, an gama, babu wani fim ɗin, babu jirgin da za a koma a ɗauka. Malam ya ce, "Ko a bar shi haka? Kin ga in ya yage, har sumul ɗin ma an rasa." Na ce sumul ɗin ba shi da mai shi. Na share ɗakin, na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, na wanke hannu sau uku. Na tsinko auduga daga tsakiyar curi inda hannu bai taɓa ba. Ɗigo ɗaya na man gogewa, shafa ɗaya, in jefar da audugar in ɗauki sabuwa. Ban san sau nawa ba. Ranar Lahadi kenan. Da la'asar na karkata shi ga haske, ƙafafun kaza sun dawo, ko ɗaya bai ɓace ba.

Ranar Litinin da asuba na shiga da kati biyu. Na farko ya lalace, kuma laifina ne. Batir ya yi sanyi ban lura ba, na ja ƙwayoyin da na saba, hoton ya fito fari-fari kamar wanda ya yi jinya. Malam ya ɗora batirin a babur ya kai wurin mai cajin tasha, bai dawo ba sai bayan azahar, ɗakin ya zama tanda. Na ce ba zan saka katin ƙarshe a ruwa mai ɗumi ba. Na mai da kwalabe cikin yashi na ƙara musu ruwa, na ce sai gobe.

Talata, ina sallame sallah na shiga. Sabon caji haskensa fari ne, mai kaifi, don haka na rage. Jirgi ƙwaya huɗu. Gindin jirgin, inda ya kwanta a inuwar kansa, ya fi ko'ina duhu, sai na sa ɗan yatsa na tare shi tun a ƙwaya ta biyu, abin da ban yi ba a baya. Sannan kwali ya hau, hannu na rawa, rairayi ya sha talatin. Na cire kwali na haɗa tafuna biyu na rufe ƙasan duka, na bar sama ita kaɗai ta ƙara ashirin, don ta yi toka ta rabu da rairayi. Na tsoma a farantin farko ina girgizawa. Giginya ta fara fitowa, sai bakin jirgin, sai sawun ƙafafu a kan rairayi waɗanda ban ma san suna nan ba, sai ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. A gindi kuma wani abu zagaye, fari-fari, ya bayyana. Hannuna ya yi ƙaiƙayin ɗauko tawada in rufe shi, na ce kul, ba naki ba ne. Na tsayar, na ɗauraye sau bakwai, na manna shi a gilashi na kai rana.

Inna Kulu ta zo da ƙunshin kayanta a ka, ƙanwarta na biye. Ko zama ba ta so yi ba, sai da na ce katin bai gama bushewa ba. Da ya bushe na ɓamɓaro shi na ba ta. Ta sa yatsa a goshin jirgin ta fara bi.

"Ga na kututture. Ga na Mamman, dubi yadda ya karkace, sauri shikai. Wanga na shekarar da jaki ya yi tutsu cikin ruwa. Wanga ba shi ya yi ba, ƙanenai na, shi bai iya gicciye ba."

Ƙanwar na leƙe ta kafaɗarta tana cewa ƙwarai, ƙwarai. Sai yatsan ya kai gindi ya tsaya a kan abin nan zagaye.

"Wanga hwa? Ban san shi ba."

Na kawo mata madubin ƙara girma na nuna mata yadda ake riƙewa. Ta duƙa a kai. Abin zagaye ne, an buge shi ya baje, ƙusoshi kewaye, da ɗan kunne a tsakiya.

"La ilaha illallahu. Hajo, zo ki gani. Murhin langata!"

"Wace langa?"

"Mai hure, wadda Mamman ya kawo min. Murhin da ya ɓace bayan ruwa ya ɗauke." Ta ɗago kai ta dube ni. "Ɗiyata, lokacin gulbi ya kai wata shida da bushewa. Kullum da hantsi sai ya ce za shi gaisuwa cikin gari. Ashe can shika zuwa, shina toshe jirgin da ke bisa rairayi. Da murhina. Tsohon banza."

Ta yi dariya har ta goge ido da bakin mayafi. Sai kuma ta tsaya cak.

"Hajo, maƙwabciyata Ige, ita na zarga. Na ce ita ta ara ba ta maido ba. Tun sannan ba mu gaisawa, ko ta'aziyya daga bakin ƙohwa ta yi min."

Hajo ta ce, "Yaya, mota na lodi."

"Ta yi lodinta."

Ta naɗe hoton a cikin sabon ɗankwali, ta cusa a ƙirji, ta sauke ƙunshin kayanta ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ta ce in gaya wa Malam ya je tasha ya ce da direban sai wata Talatar. Sannan ta tambaye ni inda motocin Bakura ke tsayawa yanzu, don an ce an canza musu wuri.